Kiɗan da Ya Kaɗa Ƙyauren Zauren Baba

Gyaran rediyo aka tura ni Kano in koya. Haka aka shirya tsakanin Baba da wani mutumin garinmu mai rumfa a Sabon Gari, a shekarar 1985, bayan na gama firamare na yi damina uku ina bin sa gona a Unguwar Gai. Aka zuba mini kayana a buhu, na hau akori-kura zuwa Rano, daga can muka bi ta Bunkure muka ɓulla Karfi, sai Kano. Babu wanda ya gargaɗe ni game da jita, don babu wanda ya kawo wa ransa akwai buƙatar hakan. A gidanmu kiɗa na masu shi ne. Wanda ya gada ya yi abinsa, wanda kuwa bai gada ba ya shiga, to ya zama maroƙi, ya ja wa dangi abin faɗi.

Amfilifaya ce ta yi mini jagora. Akwai wani mutumin Gabas, kowa Oga yake ce masa, yana da ƙungiyar makaɗa da ke wasa a wani kulob duk daren Juma'a da Asabar, kuma rumfarmu yake kawo kayansa gyara. Wata Asabar maigidana ya ce in bi shi da dalma da ƙarfen narka ta, in zauna kusa da kayan ko da wani abu zai tsinke. Aka ba ni benci a bayan wata ƙatuwar sifika mai inci 15. Da aka soma, sai na ji wani abu ya doke ni a ƙirji ya gangara cikina, har benci na rawa. Na leƙa in ga wace ganga ce wannan, sai na ga wani siririn mutum ɗan Kamaru tsaye can baya, riƙe da jita mai dogon wuya da tsirkiya huɗu kacal, yana taɓa ta da yatsu biyu kamar ba ya so. Ko kallonsa babu mai yi. Duk idanu na kan mawaƙi da mai ƙaramar jita.

Ita ce jitar bes. A rediyon Baba ban taɓa jin ta ba, kuma daga baya sana'ata ta fahimtar da ni dalili: ƙaramar sifikar rediyo ba ta iya fitar da sautin da ya yi ƙasa haka. Tsirkiyar bes mafi kauri sau 41 kawai take kaɗawa a daƙiƙa. Ashe duk waƙoƙin da na taso ina ji rabinsu nake ji.

Ɗan Kamarun nan Hausarsa kaɗan ce, Turancina kuma bai kai nasa ba, saboda haka da hannu ya koya mini. Ya kama yatsana ya ɗora, ya ɗage, ya sake ɗorawa. Wata na farko yatsuna suka yi bororo suka fashe, har na kasa riƙe sukudireba da rana, maigidana yana tambaya ko wuta ce ta ƙona ni. Da suka yi kanta sai abin ya zauna. A 1988 mutumin ya koma ƙasarsu, ya sayar mini da jitarsa a kan bashi, Oga kuma ya ce in tsaya a gurbinsa kafin a samu wani. Ba a ƙara neman wani ba.

Jitar kwaikwayon Fender Precision ce, irin wadda Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951, amma tawa an kankare sunan da ke kanta tun kafin ta zo hannuna. Na yi mata hidimar da ban yi wa kaina ba. Sabuwar tsirkiya ta fi ƙarfin aljihuna, don haka idan suka dushe saboda gumi da ƙura sai in kwance su, in naɗe, in tafasa su a tukunya kamar taliya, in shanya, in mayar. Sukan farfaɗo na mako biyu ko uku. Da hunturu katakon wuyanta kan bushe ya tsuke, bakin ƙarafan da ke jere a kai su fito suna yankar hannu, sai na bi su da zarto a hankali. Sannan akwai soso. Nakan yanko guntun katifa in cusa ƙarƙashin tsirkiyoyin daga can gindi, sai sautin ya gajarce ya yi dum, dum, ba ya jan wutsiya. Oga ya fi son ta da ƙara da sheƙi irin na kiɗan makosa. Ni kuwa, ko don kunnena a kan ganga ya tashi, na fi son ta da kauri. Mun sha musu a kan guntun soson nan.

Abin da muke kaɗawa na mutane ne: “Sweet Mother” ta Prince Nico Mbarga, wadda tun 1976 ba ta tsufa ba, da Bob Marley, da kiɗan Kwango. Idan Hausawa suka yi yawa a wurin sai mu jawo na Bala Miller, wanda ya nuna cewa waƙar Hausa tana iya hawa kan jita da ƙaho. Lokaci-lokaci akan ɗauke mu wasa a otal ɗin Bagauda, wanda yanzu ya zama makarantar horon lauyoyi, ko a Tiga. Duk ranar da motarmu ta nufi wajen nan gabana faɗuwa yake, don ƙasar Rano ce a gefe, kuma ido ba ya da shinge. A gida an san ni da gyaran rediyo, kuma ba ƙarya na yi ba, da rana shi nake yi.

A Bagauda ɗin asirina ya tonu. Da kakar 1993, muna hutun rabin wasa, wani mutum cikin babbar riga ya tsaya a gabana ya ƙura mini ido.

“Kai, ba ɗan gidan Malam ba ne na Unguwar Gai?”

Na ce, “Ni ne, Yaya.”

Ɗan unguwarmu ne da ya samu buɗi a harkar kwangila. Na zaci faɗa zai yi, ashe murna yake. Ƙaninsa zai yi aure bayan an gama girbin dawa, kuma yana so a yi abin da ba a taɓa yi ba a garin. Kafin in buɗe baki ya riga ya ba Oga kafin alƙalami. Na roƙi Oga ya nemi wani ya riƙe mini na dare ɗaya. Ya ce garinku ne, kai za ka nuna mana hanya.

Muka isa da la'asar a motar haya, mu bakwai, da janareta ɗaure a sama. An nemi izinin dagaci, ya yarda bisa sharaɗin a tashi kafin dare ya raba. Muka kafa kaya a fili, yara suka yanyame mu. Na je gida na gaida Inna, ta rasa abin da za ta ce, sai tambaya take ko na ci abinci. Baba yana masallaci, ni kuma ban jira shi ba. Tsoro ne, ba wani abu ba.

A gefen filin akwai wani dattijo mai kalangu da yaransa biyu 'yan karɓi. Shi ke yi wa garin kiɗan biki tun ina yaro, yau kuma ga shi an ajiye shi a tabarma an kawo baƙi daga birni. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa, yana kallon wayoyin da muka shimfiɗa.

Bayan isha muka soma, kuma maganar gaskiya ba mu yi kasuwa ba. Muka yi ta Mbarga, muka yi ta Kwango, jama'a sun yi da'ira sun zuba mana ido kamar masu kallon majigi. Mata na can gefe ɗaya, babu wadda ta motsa ƙafa. Wani yaro da ya tsugunna kusa da ni ya ja mini wando ya ce, “Yaya, kai taka ta lalace ne? Ba ta kuka.” Yana zaune a gaban sifikata, rigarsa har kaɗawa take, amma kunnensa na wurin ƙaramar jita.

Ana cikin waƙa ta biyar janareta ya yi wani irin gurnani, fitilu suka yi haske fau, sai ƙauri. Amfilifayar da ke ɗauke da murya da ƙaramar jita ta ƙone. Tawa ta tsira, don na daɗe da sa mata fis ƙarami wanda ke saurin yankewa. Na canza shi cikin minti biyu ta dawo. Amma me bes kaɗai za ta yi? Oga na ta zufa yana haska tocila cikin akwatin da ya mutu, uban biki na ta kai da kawo, jama'a sun fara guna-guni.

Sai dattijon nan ya miƙe, ya saɓa kalangunsa a hammata, ya shigo tsakiyar fili ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Bugu uku ya yi wurin ya ɗauki guɗa. Ni kuma ina tsaye da jita a wuya, hannuna ya ƙi zama, na rage murya na fara bin sa a ɓoye yadda na saba: in hau nan, in sauka can, in zagayo, kamar yadda ake yi a hailaif inda kiɗa ke sauya mazauni sau uku kafin ya dawo gida. Ya jure mini na ɗan lokaci, sannan ya matso, bai daina kiɗa ba, ya ce:

“Ɗana, yawonka ya yi yawa. Nemi wuri guda ka zauna. Kai turke ne, ni ne akuyar.”

Na lalubi muryar da kalangun ke komawa idan ya saki hammata, na same ta a tsirkiya ta biyu daga sama. Na tsaya a kanta, sai ɗaya da nake ɗan taɓawa in dawo. Murya biyu tak, ni da nake taƙama da gudun yatsu. Ya gyaɗa kai. Daga nan ya saki jiki, yana matse tsirkiyoyin kalangu yana saki, yana kiran taken mutane ɗaya bayan ɗaya, na manoma, na mahauta, na gidan ango, kowa ya ji nasa sai ya taso. Mai gangunanmu ya shigo a hankali. 'Yan mata suka ɓarke da rawa, ƙura ta tashi har tana rufe fitila. A daren na gane cewa kiɗanmu ba ya buƙatar a yi ta sauya masa mazauni, motsinsa a cikin bugu yake da karin magana, abin da yake nema a ƙasa shi ne wanda zai riƙe masa igiya. Shekara biyar ina kaɗa jita, sai ga mutumin da bai taɓa riƙe ta ba ya gyara mini hannu da magana ɗaya.

Wata tsohuwa, ƙawar Inna, ta ratso fili ta manna mini naira biyar mai hoton Tafawa Ɓalewa a goshi. Shi ne liƙin farko da aka taɓa yi mini. Mai bes ba a yi masa liƙi, sai dai ya jira rabon da Oga zai yi bayan an tashi.

Na so a ce abin ya ɗore. Na yi ta yi wa Oga naci mu ɗauki mai kalangu, mu gina namu kiɗan a kan wannan, ya ce masu shan giya ba shi suke biya su ji ba, kuma ta fuskar ciniki yana da gaskiya. Kafin shekarun 1990 su ƙare fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano tare da finafinan Hausa, yaro ɗaya da hannun hagu yana yin aikina, da na dama yana yin na mutum uku. Ban ga laifin masu biki ba, sallamar mutum ɗaya ta fi ta bakwai sauƙi. Sai dai bes ɗin fiyano ba ya jiran kowa, ba ya jin an ja numfashi ya dakata, a kan awo ɗaya yake tafiya har a kashe shi. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 wuraren wasa suka ragu, Oga ya tattara ya koma gida, ni na koma kan benci da dalma gaba ɗaya. Abin da na yi mafarki sai a kaset ɗin Nijar na riƙa jin sa, wurin irin su Sa'adu Bori na Maraɗi, daga baya kuma Tal National na Yamai, waɗanda ba su yar da jita da ganga ba.

Amma in koma daren. An tashi kafin sha biyu kamar yadda aka yi alkawari, abokan aikina suka kwana a gidan ango, ni na lallaɓa gida na kwanta a ɗakin ƙannena. Gidanmu da filin akwai tazara, sai ka wuce masallaci da rijiya da gonar bayan gari. Da asuba na bi sahu a masallaci, na ɓuya a layin baya. Da hantsi dai babu makawa, na iske Baba a zaure a kan buzunsa, na durƙusa.

“Barka da asuba, Baba.”

“Barka kadai. An zo lafiya?”

“Lafiya lau.”

Ya yi shiru yana jan carbi. Sannan ya nuna ƙyauren zauren, na kwano ne da aka kafe a jikin katako.

“Jiya ban ji waƙarku ba, ban ji kalangu ba sai sama-sama. Amma ƙyauren nan bai huta ba, sai zirr, zirr, har na tashi na sa masa dutse. An ce kai ne.”

Na sunkuyar da kai na ce, “Ni ne, Baba.”

Na jira abin da zai biyo baya. Ya daɗe yana kallon ƙyauren. Can ya miƙa hannu bayan buzu ya jawo tsohuwar rediyonsa, wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba, ya turo mini ita.

“Kwana biyu ba ta kama Kaduna. Duba mini kafin motarku ta tashi.”