Rima da Ƙafar Kujera

Duk ɗalibin da ya taɓa zama kan kujera mai lilo a ɗakin lacca ya san cutar: ƙusa ta saki, gam ya bushe, ƙafa ta kama rawa. Alhali kuwa akwai magani tun tuni. Masu yin kujerar Winza, wadda ta samo asali a Ingila a ƙarni na 18 ta kuma bunƙasa a Amurka, sukan fiƙe kan ƙafa ya tsuke, su yi mata rami mai irin tsukewar a jikin mazauni. Da haka nauyin mai zama shi ke ƙara danna ƙafa cikin ramin. Wato irin yadda ruwan gatari ke ƙara kama ƙota in ana sara.

Abin da ke gyara ramin nan sunansa rima. Ba gulbin Sakkwato ba, jama'a. Ni dai da za a bi tawa, makankarin rami za mu kira shi. Wanda na riƙa a shagon ƙanen babana lokacin hutu itace ne mai tsini, an tsaga shi a tsaye, an zura ƙarfen tsohon zarto a tsagar. Tsukewarsa digiri 6 ce, irin wadda Peter Galbert ya yi bayani a littafinsa Chairmaker's Notebook na 2015. Akwai kuma na ƙarfe zalla, mai wajen digiri 12.

To, aikin duka yana ga saitin ƙarfen nan. In ya leƙo da yawa, sai ya riƙa cizo yana tsalle, ramin ya fito kamar ƙwai. In bai leƙo ba, sai ya yi ta shafar katako ba ya cin komai. Kawu kan sa siririyar takarda a ƙasan tsagar, ɗaya bayan ɗaya, har sai kankara ta fito laushi kamar dusa. Takarda guda tana iya raba mai kyau da ɓatacce.

Sai kuma karkata. Mahuji ya riga ya huda, amma rima ce ke yanke hukunci a kan inda ƙafa za ta dosa. Juyi biyu ko uku, a zare, a kakkaɓe dusar, a duba da ma'aunin karkata, sannan a ɗan danna hannu ta ɓangaren da ake so ta ci. Katako ba ya ciyuwa daidai ta kowane gefe, don haka rima kan zame in an sake mata.

Gaggawa ce abin tsoro a nan. A tsukewar digiri 6, faɗin milimita 1 da aka ƙara wa rami yana nutsar da ƙafa kusan santimita 1. Katakon da aka kankare kuwa ba ya komawa. Shi ya sa kawu kan tsaya tun ƙafa ba ta kai alamarta ba, ya bar sauran ga guduma ranar haɗawa.