Da a ce Letterman ne ya gaji Carson

Masana tarihi ba su cika son kalmar “da a ce” ba. Ni kuwa nakan bar ɗalibaina su juya ta, domin takan tona asirin wanda akalar al'amari ke hannunsa. Misalin da na fi ba su daga talabijin ɗin Amurka yake: shirin hira da barkwanci na The Tonight Show, wanda tashar NBC ke nunawa wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare.

Johnny Carson ya riƙe shirin shekara 30, daga 1962 zuwa 1992. Da zai yi murabus, masu neman gadon biyu ne. David Letterman, wanda tun 1982 shirinsa ke biyo bayan na Carson da ƙarfe sha biyu da rabi, shi ake yi wa kallon yarima, kuma shi ne ɗan gaban goshin Carson. Jay Leno kuwa shi ke riƙon ƙwarya duk daren da Carson ya huta. NBC ta naɗa Leno. Letterman ya kwashe ya-nasa-ya-nasa ya koma tashar CBS a 1993, kuma har yau masoyansa na ganin an yi masa ƙwace.

To, da a ce shi aka naɗa fa? Leno dai ba zai rasa wurin zama ba, domin CBS ta riga ta fara zawarcinsa. Mutanen biyu ne za su yi musayar kujera kawai. Tambayar da ta fi damuna ita ce ko Letterman zai daɗe a kan gadon. Barkwancinsa mai yaji ne, yana son zolayar baƙonsa, yana kuma son zolayar shugabannin tashar da ke biyansa albashi. Wannan yana tafiya da tsakar dare, sa'ad da masu kallo ƙalilan ne, akasarinsu matasa. Shirin Carson kuwa na kowa da kowa ne, kuma kuɗin talla yake kawowa. A ganina ɗayan biyu ne zai faru: ko Letterman ya rage yajinsa har ya zama wani mutum dabam, ko masu ƙidayar 'yan kallo su tsige shi.

Ina da hujja, domin NBC ta gwada irin wannan naɗin daga baya. Conan O'Brien, wanda ya gaji tsohuwar kujerar Letterman a 1993, shi ma mai baƙon salo ne. A 2004 aka yi masa alkawarin The Tonight Show, aka cika a Yunin 2009. Wata bakwai kacal ya yi. A Janairun 2010 ya tafi da kuɗin sallama, Leno ya dawo kan kujerarsa har 2014. Gaskiya ne akwai laifin tashar, da ta dasa Leno a wani shiri na ƙarfe goma, wanda ya kori masu kallo kafin a kai ga O'Brien. Amma da rigima ta yi zafi, wanda aka riƙe shi ne wanda aka san yana tara jama'a.

Letterman ya samu shekara 22 a CBS, a gidan da shi ya aza harsashinsa, ya sauka don kansa a 2015. Carson bai taɓa zuwa baƙunci a shirin Leno ba. A shirin Letterman ya leƙo a 1994, kuma bayan rasuwarsa a Janairun 2005 Letterman ya gabatar da wani dare da barkwancin da tsohon ya riƙa aiko masa daga gida.