Daɗinta Na Mai Sitiyari Ne

Ku zauna, kada wanda ya miƙe ya ce zai je ya ɗana sabuwar motar, mukullin yana aljihuna. Tun da na dawo daga Kaduna kuke ta tambayata yaya hanya, yaya mota, ni kuma ina ta ce muku alhamdu lillahi. Wannan amsar bakin masallaci ce. Yanzu da yake mu ya mu ne, Alhaji ƙara mini shayin nan, ku matso in ba ku ta cikin ɗaki, amma da sharaɗin kada ta tsallake tabarmar nan. Musamman kai Malam, na san uwargidanka da tawa bakinsu ɗaya.

Daɗi dai akwai shi, ba zan ɓoye muku ba. Ɗaurin auren 'yar aminina ne ya kai ni, muka fita bayan asuba ni da Kawu da ƙanena. Daga nan Bacirawa sai ka ratsa gari tukuna, Rijiyar Lemo, Kurna, ka yi ta kokawa da 'yan A Daidaita Sahu, kuma a wannan tsakanin ba ta fi kowace mota komai ba, sai ma fargabar kada wani ya goge maka fenti. Amma muna barin Na'ibawa, titin Zariya ya miƙe, sai na ji kamar an canza mini mota. Injin nata ƙarami ne in ka buɗe ka gani, lita 2 ne, silinda huɗu, sai dai an haɗa masa turbo, wato wata 'yar fanka da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana cusa wa injin iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, sai ga ɗan mitsitsin inji yana ba da ƙarfin doki sama da 240. Kafin Kura na iske tireloli uku sun jeru suna tafiyar hawainiya. Da tsohuwar motata ce, sai na leƙa, na koma, na sake leƙawa, na yi bisimilla. Wannan kuwa ɗan taɓa totur na yi, ta sauke giya da kanta, kujera ta dafe mini baya, kafin ƙanena ya gama cewa a yi a hankali mun bar su a madubi.

Sitiyarin ma abin a ba da labari ne. A cikin gari sakayau yake, da yatsa biyu za ka juya shi, amma tana ɗaukar gudu sai ya yi nauyi a hannu, inda ka nuna mata nan take bi, ba ta tangaɗi. Ƙafafun baya ne ke tura ta, na gaba aikinsu juyawa kawai, shi ya sa a kan kwana ba ka jin tana gardama da kai. Ga ta a ƙasa-ƙasa, iskar tirela ba ta kaɗa ta. Wallahi a tsakanin Ciromawa da Kwanar Ɗangora na manta da bashin da ake bi na.

To a nan kuma abin tsoron yake. Motar ba ta gaya maka kana gudu. Gilashi a rufe, sanyi na busawa, babu ƙarar iska, babu kakkarwar sitiyari. A tsohuwar, da ka kai 110 ƙofofi za su fara yi maka wa'azi. Wannan na duba maleji a wani miƙaƙƙen wuri, abin da na gani ba zan faɗa ba ko a nan, na dai ɗaga ƙafa ina istigifari. Ku lissafa da kanku: mai tafiya kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, mai 160 kuwa mita 44. Kuma tsayawa ba ta bin wannan lissafin kai tsaye, domin nisan da birki ke buƙata a 160 ya ninka na 100 sau biyu da rabi. Mutanen da suka ƙera ta a Jamus suna da manyan titunan da a wasu sassansu doka ba ta ƙayyade gudu ba, shawara kawai ake ba ka ka tsaya a 130, an killace gefe da gefe, ba akuya, ba mai tallan gyaɗa. Mu kuwa Hukumar Kiyaye Haɗurra 100 ta yanka wa ƙananan motoci a babban titi mai hannu biyu, kuma duk wanda ya bi ta Kwanar Gafan lokacin tumatir ya san ko ɗarin ma ta yi yawa. Kwanduna a bakin kwalta, mai babur ya ɗauko buhu uku ya biyo hannun da ba nasa ba yana kallonka ido cikin ido, yaro ya kora shanu zai tsallaka. Kusan rabin ƙarfin da na biya kuɗinsa ba ni da inda zan kashe shi.

Duk wannan daɗin da nake ba ku labari, ni kaɗai nake shan abina. Ban gane haka sosai ba sai da muka tsaya a Zariya, wajen Kwangila, Kawu zai fito. Kun san shi, dogo ne, ga babbar riga ta sha sitaci, ga hula zanna. Tun shigarsa ya cire hular ya ɗora a gwiwa, domin rufin motar ta baya gangarowa yake, an yi shi ne don iska ta zame. Kujerar kuma a can ƙasa take, gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirji. Da zai fita sai da ƙanena ya kama hannunsa ya ja, ya tsaya yana miƙa ƙugu, rigar nan duk ta yamutse. Bai ce mini komai ba sai da muka koma hanya, sannan ya ce, “Ɗana, wannan motar taka, wanda ya yi ta ba shi da iyaye ne?” Na ce, “Allah ya ja kwananka Kawu, ai ta 'yan zamani ce.” Ya ce ya ga alama.

Daga nan ya buɗe babin Fijo, bai rufe ba har Kawo. Shi a wurinsa mota ta ƙare a kan 504, kuma in ka saurare shi da kyau ba son zuciya ba ne kawai. A Kakuri aka riƙa haɗa ta, a kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975, kuma a wannan shekarar ce 504 ta lashe gasar Safari ta Kenya, tseren da ake yi a cikin laka da duwatsu. Ƙarfinta bai kai doki 100 ba, motata za ta ba ta rata ta je ta dawo. Amma tana da tsawon ƙafa, shokozobanta na da wurin lotsawa, in ta faɗa rami sai ta yi lilo ta wuce. Kawu ya ce a tasa ya sha ɗaukar mutum shida da buhun gero biyu ya shiga ƙauyukan Bici da damina, bai taɓa sauke kowa ba don cikinta zai taɓa ƙasa. Tawa kuwa akwai wani tudu a tsakiyar ƙasan kujerar baya, ta nan ƙarfen da ke kai ƙarfi ƙafafun baya ya bi, wanda duk ya zauna a tsakiya sai ya raba ƙafa. A takarda ta mutum biyar ce. A gaskiya ta mutum biyu ce da yara.

Bari in zo kan taya, don nan ne zuciyata ta fi bugawa. Ku je ku haska gefenta gobe, za ku ga an rubuta 225/40. Faɗinta ke nan milimita 225, kaurin robar da ke tsakanin ƙarfe da kwalta kuma kashi 40 cikin ɗari na wannan faɗin, wato santimita 9 kacal. Ta Fijon Kawu ta kai 14. Wannan sirantar ita ke sa mota ta kama kwana ƙam, kuma ita ke sa duk ramin da ka faɗa ya tafi kai tsaye zuwa ƙarfen da ƙashin bayanka. A dawowa, bayan Jaji, magariba ta kawo kai, na faɗa wani ɗan rami da ban gani ba. Ƙarar da ta yi, na ɗauka ƙafar ta cire. Na tsaya wurin wani mai faci, dattijo, ya zo da 'yar fitilarsa ya tsuguna, ya shafa gefen tayar da tafin hannu a hankali yana neman ƙari, ya tofa yawu a bakin bawul ya jira ya ga ko zai yi kumfa. Ya ce lafiya lau, Allah ya rufa asiri, amma in buɗe but ya duba iskar safaya. Na buɗe. Babu safaya, babu ma gurbinta. Irin tayar nan ce mai taurin gefe, wadda ko ta sace za ta iya kai ka kamar kilomita 80 in ba ka wuce gudun 80 ba, don haka masu ƙera ta suka ga ba ka buƙatar ta biyar. Dattijon ya daɗe yana kallon cikin but ɗin, sannan ya ce, “Alhaji, to in ta kai ka kilomita tamanin ɗin, wa zai sayar maka da irinta a can?” Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa da na dawo na tambayi kuɗin guda ɗaya. Wannan kam ko ku ba zan gaya wa ba.

Mai, ba ta sha kamar yadda kuke zato, in ka bi ta a hankali. A doguwar hanya ta fi tsohuwar tawa tattali, sai in ƙafarka ta yi nauyi ne allurar ke sauka kana kallo, kuma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya koyi kallon allura. Damuwarta ita ce zaɓe. A murfin tankin an rubuta irin man da take so, mai daraja ta sama, mu kuwa famfo ɗaya gare mu, abin da ya fito shi za ka sha. Bakanikena ya ce kwamfutarta tana sauraren injin, in ta ji man bai kai ba sai ta rage masa ƙarfi don kada ya lalace, amma ya gargaɗe ni kada in kuskura in ba ta na 'yan bumburutu ko da a daji ta tsaya. Wanda ya tuna man nan mai gaurayen methanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022, da motocin da suka kwana a gareji a dalilinsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ga kuma maganar but. A Tashar Yari Kawu ya sayi rake, ɗauri guda, tsarabar jikoki. Aka juya shi ta nan, aka juya ta can, bakin but ɗin ya ƙi karɓa. Sai da mai raken ya sare shi gida uku.

Amma duk abin da na lissafa muku, kilomita wajen 230 zuwa da irinsu dawowa, bai ba ni wahalar da 'yar tazarar nan daga bakin titin Katsina zuwa ƙofar gidana ta ba ni ba. Kun fi ni sanin layinmu. Gonar gero ce shekarun baya, aka yanka ta awon igiya, kowa ya gina abinsa, hanyar da jakin taki ke bi da mangala ita ce ta zama ta mota, ba kwata, ba burji. Ruwan bana ya zaftare tsakiyarta. Ina isowa wajen kwalbatin nan na gidan mai unguwa sai na ji ƙurrr a ƙarƙashina, har cikin haƙorina. Dole Kawu da ƙanena suka sauka, na karkace ta na hau da ƙafa ɗaya-ɗaya, yaran layi suna ba ni hannu, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu. Dokin hawan salla ne na sayo na kawo shi turken jaki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, kun san a nan mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Duk wanda ya ajiye mota a layi ya san za a buga masa ƙofa ƙarfe biyun dare, naƙuda ta tashi, ko tsoho ya faɗi, a ce a taimaka a kai asibiti. Ranar kai amarya za a turo yaro ya ce an sa motarka a lissafi. Lokacin kaka wani zai ce ka rage masa hanya da buhun wake zuwa Dawanau. Da tsohuwar ban taɓa cewa a'a ba, kuma da haka ake zaman unguwa. Yanzu ku gaya mini, mace mai ciki wata tara, yaya za a yi ta shiga waccan kujerar da Kawu ya kasa fita? Ta shiga ma, in zo kwalbati in ce ta sauka ta taka? In kuma na ce ba za ta yiwu ba, ba wanda zai ce tsayin mota ne, cewa za a yi ya yi kuɗi ya canza hali.

Sayarwa? A'a Malam, kada ka yi saurin yi mini dillanci. Na ɗanɗana, kuma gobe in aka ce akwai wani ɗaurin auren a Azare ni ne farkon fita. Abin da na yanke shi ne tsohuwar ba za ta tafi ba, duk da na riga na yi wa wani alkawarinta, zan je in ba shi haƙuri. Za ta zauna ta zama ta dare da ta unguwa, mukullinta a hannun ƙanena. Mota biyu ke nan, juye biyu, takardu biyu, kuma har yanzu uwargida na zaton za a sayar da ɗaya a yi rufin ɗakin baya.

Sannan ga maganar layi. Jiya bayan la'asar dattawa suka tare ni, suka ce dama an daɗe ana son a zuba marmara daga bakin titi zuwa masallaci, an rasa mai jan gaba, yanzu kuwa Allah ya kawo wanda abin ya fi damu. Sun yi lissafinsu tun kafin in zo, tifa shida, huɗu a kaina, biyu a kan sauran gidajen gaba ɗaya. Na ce a ba ni zuwa Juma'a. Alhaji, kai da ke hulɗa da 'yan tifa, nawa ake kawo guda yanzu, kuma wa zai ɗaga mini ƙafa zuwa ƙarshen wata?