Kada Mu Ba 'Yan Jari-Bola Tukuna

Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, mu iyaye a nan zangon Garatu muka shiga wani hali. Ga jami'ar fasaha nan kusa a Gidan Kwano, titin Bida ɗaya muke bi da ɗalibanta, amma yaranmu da dama sai ranar jarrabawa suke fara riƙe linzamin kwamfuta. Yaro ya san amsa, hannu na rawa, lokaci na tafiya.

Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin aljihun mai awon hatsi da dillalin doya. Abin da ke hannunmu tsofaffi ne 'yan gwanjo, irin su Dell OptiPlex 745, waɗanda in ka kunna sai ka gama shan koko ba su buɗe ba. Saura ƙiris mu auna wa 'yan jari-bola su a kilo, sai wani yaronmu mai gyara ya ce, "Baba, ku dakata. Gangar jikin lafiya lau, ƙwaƙwalwar ce ta gaji."

Ƙwaƙwalwar nan, wato furosesa, ba ta kai akwatin ashana ba. Ya cire Pentium D, ya dasa Core 2 Duo, wadda Intel ta fitar tun 2006. Gurbinsu ɗaya ne, mai ƙananan allurai 775, kuma in allura guda ta lanƙwashe ana iya asarar allon duka. Ya goge tsohon man sanyaya, ya shafa sabo, ya hure ƙurar hunturu daga fanka, ya ƙara RAM. Tsohuwar ƙwaƙwalwar tana cin wat 95 ko fiye, sabuwar 65, ka ga zafi ya ragu, janareta ma ya samu sauƙi.

Sai dai a kula: ba kowane allo ke karɓa ba ko da gurbi ya yi daidai. GX620 ba ta ɗaukar Core 2 Duo. A duba lambar inji kafin a fitar da kuɗi. Kuma ba za ta zama ta zamani ba, amma ta ishi yaro koyon buga rubutu da gwajin tambayoyi.

Saboda haka duk mai wata a ƙarƙashin gado ya kawo ta makarantar dare a duba. Da babu gara ba daɗi. Allah ya ba yaranmu sa'a, amin.