Ku Matso, Zancen Lambar Sirri Ne

Ku matso kusa, ƙawayena, a rage murya, zancen nan namu ne. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wace ce a cikinmu ba ta koma tiransifa ba? Mai kayan miya a kasuwar Tarauni tiransifa, ɗan adaidaita daga Gyadi-Gyadi zuwa Dangi tiransifa, har zubin adashenmu ya shige waya. Kuɗin da iyayenmu ke ƙullewa a bakin zani, yau lamba huɗu ce ke gadinsu. Wace lamba kuwa? Shekarar haihuwa! Kar wadda ta sunkuyar da kai, ai mun san juna, hahaha.

Abin da ke sa gabana faɗuwa, sunan da muke sakawa a Instagram da TikTok shi ke tona mana asiri. Ki rubuta sunanki ki liƙa masa 1994, sannan katin ATM ɗinki ma 1994. Haba 'yar uwa, ai kin gama wa ɓarawo aiki. Sunan shafi a bar shi fes, ba shekara, ba lambar waya. Kalmar sirri kuwa tsawo take so, kalmomi huɗu da babu abin da ya haɗa su, kamar tulu, jirgi, gyaɗa, Laraba, ki cusa lamba a tsakani, ke ki riƙe, wani ya kasa canka. Ta banki daban, ta Facebook daban, don in ɗaya ta fasu, ita za a yi ta gwadawa ko'ina. Kuma kar na ji wata ta ɗauki tuluna, ta nemi nata!

In kin sayi waya a Farm Centre, yaron shago ya buɗe miki Gmail, Allah ya saka masa da alheri, amma kina shiga gida ki canja kalmar, tun kafin ki cire mayafi.

Sai masu kiran nan da murya kamar ta ɗan gida: "Hajiya, daga guruf ɗinku ne, karanto mana lambar da ta shigo miki." Lamba shida ce ta WhatsApp, kina faɗa sun ƙwace, kafin la'asar ana roƙon dangi kuɗi da sunanki. Wallahi kunyar ta fi asarar ciwo. Ki shiga saiti ki kunna tabbaci mai mataki biyu yau ɗin nan. Banki ma ba ya kira ya tambayi lambar sirri, wayyo, da kowa ya sani.

Su Inna kuma da jikoki ke danna musu waya, ran Juma'a in mun je gaisuwa mu zauna mu canja musu tare, ko da za su ce mun cika fitina, hahaha.