Allon Tuƙi A Bakin Tekun Ikko

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana ma'aikata labarin abin da na gano a Ikko, ko wani ya amfana tun bai sha ruwan gishiri kamar yadda na sha ba.

Aikin ofis ya kai ni can. Ran Asabar wani malamin makaranta, abokina tun muna 'yan aji, ya ce mu tafi Tarkwa Bay. Wurin nan ba a zuwansa da mota, sai ta ruwa. Muka shiga ƙaramin jirgi mai inji, muka gifta manyan jiragen kaya, ba mu yi rabin sa'a ba sai ga mu bisa rairayi. Tun zamanin mulkinsu Turawa suka jibge duwatsu, suka yi doguwar ganuwa cikin teku domin tsaron mashigin jirage. Ita ke karya ƙarfin raƙuman ruwa, shi ya sa ruwan lungun nan ya fi na sauran gaɓar kwanciya.

Can na hangi mutane a tsaye bisa ruwa. Ashe wani dogon allo su ke takawa, ba shi da ciki kamar kwalekwale, suna tuƙi da filafili mai dogon hannu. Asalin wasan nan daga tsibiran Hawai ne, cikin mulkin Amurka, inda masu koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a Waikiki su kan tsaya bisa allo su yi tuƙi. Bayan shekarar 2000 ya bazu cikin duniya.

Na nufi wani saurayi mai ba da haya. Idona ya faɗa kan wani siriri mai kyan fenti, tsawonsa ƙafa 9, faɗinsa inci 28. Saurayin ya dube ni ya ce, "Maigida, nawa ne nauyinka?" Na ji haushin tambayar, gama a ganina ba ta kamaci yaro ba. Na biya kuɗina, na ɗauki abina. A durƙushe dai na lallaɓa. Da na miƙe, allon ya nutse har ruwa ya shanye idon sawuna, ya karkata hagun, ya karkata dama, sai ji na yi tsundum! Sau uku ke nan. Ni kuwa iyona na rafi ne. Ba domin rigar nan mai hana nutsewa da igiyar da aka ɗaura mini a ƙafa ba, da wani ya rubuta maka labarin nan, ba ni ba.

Na komo a kunyace na ce kilo 85. Sa'an nan ya nuna mini lambar da ke rubuce a jikin allon, lita 120. Ga lissafin, malaman makaranta za su gane shi nan da nan. Lita guda ta ruwa nauyinta kilo guda ne, saboda haka allo mai lita 120, in aka aza masa kilo 120, ya nutse sarai. Ni kaɗai na cinye masa 85, ban da nauyin kansa. Me ya rage? Gwani ya iya zama da wannan ragowa, amma sabon shiga sai ya nemi mai lita ninki biyu na nauyinsa, ko fiye. Nan na tuna da masuntan Argungu a Matan Fada. Ba ka ganin ƙato ya rungumi ƙaramin gora ya faɗa ruwa. Kowa ya san goran da zai ɗauke shi.

Ya ba ni mai ƙafa 11, faɗi inci 33, lita 220. Kai, sai ka ce a tsakar gida na ke tsaye! Faɗi shi ke hana tangaɗi, tsawo kuwa shi ke sa allo ya miƙe sosai da sauri, shi ya sa na tsere ya kan kai ƙafa 14, amma siriri. Filafili kuma ya ɗara kan mai shi da wajen inci 8.

Kada dai wani ya ce to, babba ya fi. Abokina ɗan firit ne, kilo 55. Da ya ga na ji daɗi ya karɓi nawa. Faɗin ya sa sai ya yi miƙa kafin filafilinsa ya taɓa ruwa, juyawa ta gagare shi, iska kuwa ta yi ta jansa wajen duwatsu har saurayin ya bi shi ya komo da shi. Mai ƙafa 10 ya dace da shi.

La'asar sakaliya muka hau jirgi muka komo. Kafin mu tashi na nemi saurayin na ba shi haƙuri, na ƙara masa ɗan abin goro. Agogona dai tun faɗuwar fari ya tsaya, har yau yana wurin mai gyara.

Wassalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.