Tsarabar Janeba

A shekara ta 2012, ma'aikatan jinya na ƙasashe masu amfani da Faransanci sun yi babban taronsu a birnin Janeba na ƙasar Suwis. Duk malamin jinya da ya taso daga Damagaram, inda mata kan kwana bakin famfo, sai ya riƙe baki in ya ga ruwan da ake fesawa sama daga tabkin birnin: tsawon mita 140, lita 500 kowane sakan. Amma babban darasin yana asibitin jami'ar garin, inda tun wajen 1995 aka saba wa ma'aikata shafa alkol a hannu kafin su taɓa majinyaci. Wannan dabara ba ta jiran famfo. Ita ce tsarabar da ɗalibanmu da ɗakunan haihuwa na karkara suke jira.